FAIFAN GARMAHO YA SAMU MAI ƘIRGA, GAWAR TALAKAN BADARAWA BA TA SAMU BA

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Wani yayi ya shigo gari, kuma kamar yadda aka saba daga Turai ya taso, ya yada zango a Ikko, ga shi yana lallaɓowa Arewa ta hannun wasu 'yan boko da 'ya'yan masu hannu da shuni. Yayin kuwa shi ne farautar tsofaffin faya-fayan garmaho, musamman ƙananan nan masu faɗin inci bakwai, masu juyi 45 a minti ɗaya, waƙa guda a gaba, guda a baya. Faifan da kakanni suka jefa ƙarƙashin gado tun zamanin da kaset ya kore shi, yau shi ake kakkaɓe wa ƙura, a goge shi da ƙyalle mai laushi, a sa shi cikin riga kamar jariri. Mai wannan sha'awa zai gaya maka shekarar da aka buga faifan, da kamfanin da ya buga shi, da lambar da ke jikinsa. In waƙar Turawa ce, zai ƙara maka da makon da ta shiga jadawalin waƙoƙin da suka fi kasuwa a Ingila ko Amurka, da matsayin da ta kai, da yawan makonnin da ta yi kafin ta faɗo. Duk a ka, ba duba takarda. In ka tambaye shi amfanin wannan wahala, sai ya gyara tsayuwa ya ce wai shi tarihi yake adanawa.

To, tunda an ambaci tarihi, ya zama dole a tsaya a yi maganar tarihi. Domin ana gane al'umma ne da abin da take adanawa, da kuma abin da ta damu ta ƙirga.

MENE NE WANNAN JADAWALI?

Shi dai jadawalin da ake haddacewa kamar karatun allo, ba malamai suka kafa shi ba, ba masana suka zauna suka auna wace waƙa ce ta fi hikima ba. A watan Nuwamba na 1952 wani Bature mai suna Percy Dickins, wanda ke kula da tallace-tallace a wata jaridar kaɗe-kaɗe ta Landan mai suna New Musical Express, ya riƙa buga wa kantuna kimanin ashirin waya yana tambayar wane faifai ne ya fi fita a wannan mako. Abin da suka gaya masa ya jera, ya buga a jarida, wani mawaƙin Amurka Al Martino ya zo na ɗaya. Ke nan tun ran gini tun ran zane: mai neman talla ne ya haifi abin. A Amurka kuma mujallar Billboard ta fara nata jerin na waƙoƙi ɗari a watan Agusta na 1958. Ba a yi shekara biyu ba asiri ya tonu, aka gano kamfanonin faifai suna bai wa masu gabatar da shirye-shiryen rediyo cin hanci don su yi ta nanata waƙoƙinsu har kunnen jama'a ya saba, su fita su saya. Sai da majalisar dokokin Amurka ta zauna bincike a 1959 da 1960, wani shahararren mai gabatarwa, Alan Freed, ya rasa aikinsa, daga baya kuma ya amsa laifinsa a kotu.

Wannan shi ne "tarihin" da ɗan Musulmi yake ƙona dare yana haddacewa: littafin cinikin 'yan kasuwa, wanda su kansu masu shi suka shaida an taɓa cuɗa shi da toshiyar baki. Waƙar da ta zo ta ɗaya ba ita ta fi gaskiya ba, ita ta fi shiga aljihu.

Amma ko Shaiɗan aka ce ya faɗi gaskiya sai a karɓa. Akwai abu guda da ya kamata mai hankali ya lura da shi. Fiye da shekara saba'in ke nan mutanen nan suna ƙirga waƙoƙinsu mako-mako. Wanda ya so sanin abin da aka fi saurare a Landan a wani mako na 1965 zai samu a rubuce. Wasa ne, amma sun riƙe wasansu da gaske. A riƙe wannan magana, za a dawo kanta.

DA GYAƊA AKA FARA

Garmaho bai faɗo ƙasar Zamfara daga sama ba. Hanyar da gyaɗa da auduga da fata suka bi suka fita, ita ya biyo ya shigo. A 1929 Turawan mulkin mallaka suka kai layin dogo Ƙaurar Namoda, nan ya tsaya, ba don suna ƙaunar mutanen Ƙaura ba, sai don kwashe amfanin gonar Zurmi da Shinkafi da Badarawa da Isa zuwa bakin teku. Jirgin da ya tafi da buhunan gyaɗa shi ke dawowa da kayan kanti: atamfa, sukari, fitila, da akwatin nan mai allura wanda ake yi wa wani ya yi waƙa. Dattawa ba su manta da tambarin da ke jikin da yawa daga faya-fayan ba, wato kare zaune ya kafa kunne a bakin garmaho yana sauraren muryar ubangidansa. Da gangan ne ko da kuskure, babu hoton da ya fi wannan dacewa da abin da mulkin mallaka yake so ɗan ƙasa ya zama.

Daga baya kamfanoni irin su EMI da Decca suka kafa rassa a Ikko, suka shiga ɗaukar mawaƙan ƙasa. Alhaji Mamman Shata da Ɗanmaraya Jos duk sun shiga faifai. Kaset ya zo ya yi wa faifai ritaya, faifan CD ya kori kaset, waya ta haɗiye su duka. Sai ga shi Turawan da suka ce faifai ya tsufa sun juyo suna nemansa ido rufe. A 2022 an sayar da faifan garmaho kimanin miliyan 41 a Amurka, ya zarce CD mai miliyan 33. Kamfanonin waje suka bazama Afirka neman tsofaffin waƙoƙi. Kamfanin Strut na Ingila ya fitar da tarin waƙoƙin Nijeriya na shekarun 1970 a 2001, Soundway ya biyo baya da nasa a 2008, a 2013 kuma Sahel Sounds na Amurka ya buga waƙoƙin finafinan Hausa a kan faifai da sunan Harafin So. A faɗi gaskiya, akwai cikin irin waɗannan kamfanoni masu neman mawaƙi ko magadansa su biya su haƙƙinsu. Amma a bayansu akwai rundunar dillalai marasa suna, masu bin gidaje da tsofaffin shaguna su kwashi faifai a kuɗin goro, su kai kasuwar intanet su sayar da Dala da Fam. Jiya gyaɗa, yau faifai. An sayi na talaka da arha, an mayar masa da tsada, shi kuma yana tafi yana murna wai duniya ta san da shi.

"AI NAMU MUKE TARAWA"

Nan ne wani zai miƙe ya ce a yi adalci. Shi ba ruwansa da waƙar Turawa, shi na gida yake tarawa: Narambaɗa, Ɗanƙwairo, Jankiɗi, Sa'idu Faru, Ɗan'anace, Kassu Zurmi. Yana bin tsofaffin kaset da abin da gidan rediyon Kaduna ya ɗauka tun zamanin Jihar Arewa, yana rarraba wa abokai ta WhatsApp, ana muhawara kan wace waƙa aka fara yi, wace ce bakandamiya. Wannan ai al'ada ce, kuma harshe ne.

Wannan magana ta fi ta farko nauyi, kuma mutanen Badarawa sun fi kowa haƙƙin a ba su amsa a kanta. Marubuta tarihin Ibrahim Narambaɗa sun nuna cewa a Tubali aka haife shi, amma mahaifiyarsa 'yar Badarawa ce, kuma ta wajenta ya gaji kiɗa. Ke nan kotson da ya cika fadar Sarkin Gobir na Isa Amadu, a Badarawa ya sha nono. Babu mai jin Hausa da zai yi musun cewa Allah Ya ba mutumin nan harshe. Malaman jami'a sun yi littattafai a kansa, ɗalibai sun ci digiri da baitocinsa. Ba a ja da wannan.

Abin tambaya shi ne: wa aka yi wa waƙar, kuma wa aka bari a waje? Zamanin da ake buga kotso da taushi a fadoji shi ne zamanin En'e, zamanin haraji da jangali da aikin tilas, zamanin da dogari ke shiga gida ya fito da tukunya da akuya saboda kuɗin ƙasa, zamanin da magidanci ke tsallake iyaka cikin dare don gudun wulaƙanci. Tara faya-fayan fada duka ka saurara daga safe zuwa dare: za ka ji sunan doki, za ka ji kirarin hakimi, za ka ji zambon da aka yi wa ɗan sarkin da ya nemi sarauta ya rasa. Manomin da aka ɗaure a rana saboda sule biyar fa, a wane baiti yake? Waƙar fada ita ma jadawali ce irin ta Landan: wanda ya ba da riga da doki shi ke hawa sama, wanda ba shi da komai ko a ƙasan jeri ba ya samun wuri.

Ba a nan abin ya tsaya ba. Ƙasar nan ta san kiɗan maza. Ta san Kassu Zurmi da waƙoƙinsa na mafarauta da 'yan tauri da ɓarayi, ta san Gambu wanda har laƙabinsa ya zama mai waƙar ɓarayi, kodayake shi ya bayyana tubarsa kafin ya koma ga Mahaliccinsa, Allah Ya karɓa. Shekara da shekaru ana sauraren irin waɗannan waƙoƙi a tasha da kasuwa ana dariya, ana cewa ai nishaɗi ne. Yaro ya tashi yana jin ana kiran mai ƙwace namiji, ana kiran mai haƙuri rago. Ba wanda ya ce waƙa ce ta kawo bindiga daji. Zalunci da talauci da rashin adalcin mahukunta da alƙalai su suka share fagen. Amma wanda ya shuka ƙaya bai kamata ya yi mamakin abin da ya soke shi ba. Yau ga waƙoƙin yabon shugabannin 'yan bindiga suna yawo daga waya zuwa waya, ga TikTok da YouTube suna ƙirga yawan waɗanda suka kalla. Sabon jadawali ke nan, kuma da jinin mutanen Shinkafi da Zurmi ake hawa shi.

Ita kanta fadar da aka ƙare baitoci wajen wasawa, ina ta tsaya ranar da talaka ya nemi mafaka? A watan Afrilu na 2022 gwamnatin Zamfara da kanta ta tuɓe sarakunan Zurmi da Ɗansadau bisa zargin hannu a harkar 'yan bindiga. Ba 'yan wa'azi suka faɗa ba, gwamnati ce ta sanar.

ABIN DA MAGABATA SUKA GANI

A aya ta shida ta Suratu Luƙman, Allah Maɗaukaki Ya yi maganar mutumin da ke sa dukiyarsa ya sayi zancen shagala don ya kawar da mutane daga hanya. Malaman tafsiri da dama sun ambaci Nadru ɗan Harisu, Baƙuraishen da ke zuwa fatauci ya sayo labaran Rustum da Isfandiyar na Farisa, ya zauna inda Manzon Allah (S) ya tashi, ya ce a zo a ji nasa. Sahabi Abdullahi ɗan Mas'udu (RA) kuwa ya fassara wannan shagala da waƙa. A lura: mutumin nan ma mai tara kayan waje ne, kuma da kuɗinsa ya saya.

Ba sai an je nesa ba. Wannan ƙasa da ake magana a kanta ba baƙuwar kira ba ce. Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo ya yi kimanin shekara biyar yana wa'azi a Zamfara tun kafin hijira. Namoda, wanda Ƙaura ke ɗauke da sunansa, yana cikin jagororin rundunar da ta ci Alƙalawa a 1808. A Kitabul Farƙi, Shehu ya lissafa shagala da kaɗe-kaɗe cikin halayen mulkin da ya zo kawarwa, tare da harajin zalunci da cin hanci a wajen shari'a. Ƙaninsa Malam Abdullahi, a Tazyinul Waraƙati, ya koka da yadda tun ana tsakiyar jihadi wasu suka karkata ga neman mulki da dawaki da tufafi da molo da sarewa da ganga, har ransa ya ɓaci ya bar runduna ya nufi gabas, sai a Kano aka tsayar da shi.

Masu ilmi sun san akwai saɓani tsakanin malamai kan wasu nau'o'in kiɗa, sun san an yi rangwame a biki da Idi, sun kuma san Shehu da 'yarsa Nana Asma'u da waƙa suka karantar da mata da makiyaya da manoma. Saboda haka ba rigimar halal da haram ake son tayarwa a nan ba, wannan fagen malamai ne. Tambayar ta fi haka sauƙi, ta kuma fi haka zafi: mutumin da gidansu ke cin wuta, ya dace a same shi yana jera faifai bisa lamba?

WAƊANDA BA SU SHIGA JADAWALI BA

A 2019 kwamitin da gwamnatin Zamfara ta kafa ƙarƙashin tsohon Sufeto Janar na 'yan sanda Muhammad Abubakar ya ba da rahoto cewa daga 2011 zuwa 2019 an kashe mutum 6,319 a jihar, mata 4,983 sun rasa mazajensu, yara 25,050 sun zama marayu, mutum 190,340 sun bar gidajensu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Wannan fa kafin shekarun da suka biyo baya ne, kafin Satumbar 2021 da aka rufe layukan waya da kasuwannin mako a jihar, talaka ya rasa ciniki, ya rasa hanyar kiran ɗan'uwansa, kisa kuma bai tsaya ba.

Dubu shida da ɗari uku da goma sha tara. Adadi ne, ba suna ba. Ina littafin da aka rubuta su ɗaya bayan ɗaya? Wane ne mutumin da aka harbe yana huɗa a bayan Badarawa, ɗan wane ne, ya bar 'ya'ya nawa, wa ke ciyar da su? Matar da aka tare a hanyar Ƙaura zuwa Shinkafi, ran wace rana ce, nawa aka biya, gonar wa aka sayar? Mai tara faifai ya san sunan wanda ya busa ƙaho a bayan wata waƙa da aka yi a Landan kafin a haifi ubansa. Jama'ar da ke sallar gawa kusan kullum ba ta da rajistar gawawwakinta. Wanda ba a rubuta sunansa ba kuwa, gobe azzalumi zai ce ba a yi shi ba. Haka ake kashe mutum sau biyu.

Abin kunyar shi ne wannan fanni na Musulmi ne tun asali. Halifa Umar (RA) ya kafa diwani, aka rubuta mutane gida-gida don kowa ya samu rabonsa daga baitulmali. Malaman hadisi sun bi dubban maruwaita ɗaya-ɗaya, suka rubuta inda aka haifi kowa, wa ya karantar da shi, yaushe ya rasu, mai gaskiya ne ko mai mantuwa. Al'ummar da ta haifi ilmin isnadi yau ita ce ke zaune tana sha'awar yadda wasu suka iya lissafin waƙa.

Haka kuma littattafai. A garuruwan wannan yanki akwai gidajen malanta da suka gaji rubuce-rubucen hannu cikin gafaka: fiƙihu, tauhidi, nahawu, waƙoƙin wa'azi na ajami, wasiƙu, da salsalar malamai. Gara na ci, damina na ci, yanzu kuma duk ƙauyen da aka tasa, abin da ke cikin ɗakin malam ya tafi ke nan. Faifan Shata in ya fashe akwai dubunsa a wani wuri. Littafin da malamin ƙauye ya rubuta da hannunsa kwafi ɗaya ne a duniya. Ga Gidan Arewa a Kaduna, ga cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, duk suna karɓar irin wannan amana. Masu cewa suna adana tarihi, nawa ne cikinsu suka taɓa kai ko warƙa ɗaya?

ABIN YI

Ba ana kira a tara faya-fayai a cinna musu wuta ba ne. Ƙona faifai ba ya tayar da mamaci, ba ya ciyar da maraya. Wanda ya gaji irin waɗannan kaya, ya miƙa su ga sashen nazarin harshe na jami'a, inda za a yi amfani da su a san Hausar jiya, a kuma san yadda aka yi amfani da baki wajen ɗaure talaka. Wannan ya fi a sayar wa dillali ya haura da su.

Shi kuma matashin da Allah Ya ba haƙurin bin diddigi, mai iya kwana uku yana neman shekarar da aka buga faifai guda, ya sani baiwa ce aka ba shi, kuma za a tambaye shi inda ya kashe ta. Ya sayi littafi mai bango mai ƙarfi. Ya je masallacin Juma'ar garinsu, ya zauna da liman da masu unguwanni da dattawa. Ya je inda 'yan gudun hijira suke fakewa a Shinkafi da Ƙaura da Gusau. Ya rubuta suna, da sunan uba, da gari, da rana, da yadda abin ya faru, da marayun da aka bari. A yi kwafi, a ajiye a wuri fiye da ɗaya. Wayar da yake tura waƙa da ita, ya ɗauki hoton littattafan malaman garinsu shafi-shafi kafin wuta ko gara su riga shi. Kuɗin da zai sayi faifai ɗaya da ya ci allura, ya duba cikin littafin nan nasa, zai samu gidan da kwanon gero zai kwana da su. Masu wa'azi su ma kada su tsaya ga la'antar kiɗa a kan mumbari alhali ba su san yawan marayun da ke sahun bayansu ba.

Akwai ranar da za a buɗe wani littafi wanda bai bar ƙarami ko babba ba. A ranar ba za a tambayi kowa waƙar da ta zo ta ɗaya a 1965 ba. Za a tambayi mai mulki jinin da aka zubar a ƙarƙashinsa, a tambayi mai waƙa wanda ya wasa, a tambayi mai ilmi abin da ya rubuta da abin da ya yi shiru a kai, a tambayi matashi ƙuruciyarsa.

Allah Ya jiƙan waɗanda aka kashe bisa zalunci a Badarawa da Shinkafi da Zurmi da Ƙaurar Namoda da sauran ƙasar Musulmi, waɗanda aka san sunansu da waɗanda Shi kaɗai Ya sani. Ya kuɓutar da waɗanda ke hannu, Ya mayar da masu gudun hijira gidajensu, Ya tona asirin duk mai hannu a wannan ta'asa komai girman rawaninsa ko kujerarsa. Amin.

Wassalamu ala manittaba'al huda.